Kujerar Mama a Ɗakin Gwaji

Kafin wata ta yi saurin rubuta min "ba ki da godiya" a ƙasan labarin nan, don Allah ku karanta har ƙarshe tukuna. In kun gama kuka ga na cancanci zagi, bismillah, kunnuwana sun saba. Gwaggona ta horar da su tun ranar Litinin.

Shekarata ashirin, kuma ajina huɗu a sakandare. E, daidai kuka karanta. 'Yan ajinmu duk ƙannen bayana ne, Antin Aji suke kirana, in malami ya shigo yana neman wanda zai tsawatar wa masu surutu ni yake kallo. Ba daƙiƙanci ne ya zaunar da ni ba. Ina gama aji uku Mama ta yanke jiki ta faɗi a gaban kekenta na ɗinki, ɓarin jikinta na dama ya shanye, hannu da ƙafa, har bakinta ya karkace. Ni kaɗai ce 'ya mace a gidan, yayyena maza kowa yana can wani gari yana fama da kansa. Na ninke kayan makaranta na tura ƙasan akwati, na ce wata biyu ne in koma. Wata biyun nan sai da suka zama shekara huɗu.

A shekarun nan na haddace sashen gashin ƙashi na babban asibiti, inda ake motsa gaɓoɓin da suka shanye, kamar tsakar gidanmu. Na san gadon da ƙafarsa ke rawa, na san ƙarafan nan biyu da ake dafawa ana koyon tafiya, na san majinyacin da zai yi kuka in an miƙe masa gwiwa da wanda zai zage kowa tas. Likitar da ke duba Mama wata 'yar gajeriyar mata ce mai faɗan tsiya, amma hannunta akwai albarka. Ita ta koya min yadda zan buɗe yatsun Mama ɗaya bayan ɗaya, yadda zan tallafi kafaɗa kada ta zame, da yadda zan toshe kunnena in ta ce ta gaji. Ranar da Mama ta kai cokali bakinta da hannun dama, rabin shinkafar a zaninta ya zube, amma ni sai da na shige kicin na sha kukana na ƙoshi. A ranar na san abin da nake so in zama.

"Anti," na ce da likitar, "me ake karantawa a zama irinki?"

Ta kalle ni ta saman gilashinta. "Da gaske kike, ko daɗin baki ne?"

"Da gaske nake."

"To buɗe kunnenki. Ba a jami'a ake fara wannan aikin ba, a aji huɗu ake fara shi. Ajin kimiyya za ki shiga. Fiziks, kemistiri, bayoloji, lissafi, Turanci, duk sai kin fita da su lafiya. In kika yi sake kika bar fiziks tun yanzu, ranar da kika je neman gurbi ko kallon takardarki ba za su yi ba. Yara nawa suka gama sakandare sannan suka zo suna tambayata, lokacin da ba abin da zan iya yi musu?"

Maganar nan ta zauna min daram. Da Mama ta fara zagaya tsakar gida da sanda, na ciro kayan makarantata, na ga ko hannuna ba ya shiga, aka ɗinka sababbi. Aka yi mana gwajin raba aji, na tsallake zuwa kimiyya da ƙyar, ƙyar ɗin gaske, don lissafina ya yi tsatsa. Sai na tsara shekara ukun nan a kaina. Ta farko in tashi lissafin nan ko zai kashe ni. Ta biyu in kama fiziks da kemistiri da hannu biyu. Ta uku ba ni da aboki sai tsofaffin tambayoyin jarrabawa. Har darasin girki, wanda zan ci ko da idona a rufe, na ajiye na ɗauki ƙarin lissafi a madadinsa. Malamar da ke ba mu shawara ta ce zan yi kuka. Na ce mata na iya kuka, ba yau na fara ba.

To yanzu bari in kawo muku shi, don na san shi kuke jira.

Shagon tayoyi gare shi a bakin babban titi, gidansu kuma a layinmu yake. Ranar da Mama ta faɗi, shi ne ya bar mai ciniki a tsaye ya kwantar da ita a bayan motarsa sai asibiti. Tun daga ranar, duk safiyar da za mu je gashi, hon ɗinsa yana ƙofar gida. Bai taɓa makara ba, bai taɓa ɗaure fuska ba. Da ya lura Mama ba ta iya tashi daga ƙaramar kujera, ya auna tsayinta da igiya, ya je wurin mai walda aka ƙera mata doguwar kujera ta ƙarfe mai majingina, ya shafa mata shuɗin fenti da hannunsa. A kanta take wanka, a kanta take zama a kicin tana ba ni umarni. Gwaggo, yayar Baba, ita ta raɗa masa suna Ɗan Albarka, sunan ya bi shi har Baba ya manta na gaskiyar.

A wayata, "Direban Mama" na fara sa wa lambarsa. Ban san ranar da na goge na sa wani abu daban ba, kuma ba zan faɗa muku abin da na sa ba, kada ku yi min dariya. Ina son sa. Na faɗa, kowa ya ji. Ina son yadda warin roba yake leƙowa ta ƙarƙashin turarensa duk yawan da ya fesa, ina son yadda yake naɗe hannun riga in zai ɗaga Mama. Manya sun san da maganarmu, an tsaya a kan sai na gama sakandare. "Likita" yake kirana. Likita kin tashi lafiya, Likita yau me aka koya. Ni kuma sakarya ina ta washe baki, na ɗauka addu'a yake yi min.

Ɗakin gwaji ba a shiga sai da farar riga. Mama ta ce ba za a sayo ta kanti ba tana da rai, ita da ta shekara da shekaru tana yi wa unguwa ɗinki. Ni na taka keken tana nuna min da sanda, amma maɓallan ta ce nata ne. Sati guda ta yi a kansu. Allura ta faɗi in tsinta, ta sake faɗuwa in sake tsinta, in na ce "kawo in taya ki" ta watsa min harara. Maɓalli na uku ya karkace, bai yi daidai da raminsa ba, rigar tana ɗan tattarewa a ciki in na ɓalla. Ta ce a warware. Na ce wallahi ba mai taɓa min shi.

Ranar Litinin ne gwajinmu na farko. Na goge rigar nan har tana ɗaukar ido, na sa farin hijabi sabo, na wanke takalmina har da tsohon buroshin haƙori. Ina tafe cikin layin yara kamar uwar kaza, sai malamin fiziks, wanda ke tsaye a bakin ƙofa yana duba riguna, ya sa hannu ya tare ni.

"Antin Aji, ina zuwa?"

"Gwaji mana, Malam."

Ya sosa ƙeya. "Ba a faɗa miki ba? An mayar da ke ajin adabi. Babanki ya zo ranar Juma'a bayan kun tashi, shi da wani saurayi mai farar mota."

 Wata mai rawar kai a bayana ta ce "la, Anti an kore ki?" Ban ko waiwaye ta ba. Na wuce ofishin mataimakin shugaban makaranta da farar rigata a jikina, ban tsaya neman iso ba.

Mutumin nan dattijo ne mai sanyin magana, irin wanda zai ƙona maka rai yana murmushi. Ya bari na gama zubar da abin da ke bakina, sannan ya ce, "'Yata, dokar makarantar nan ɗaya ce. Sauyin aji, uwa ko uba ne zai zo ya tsaya a gabana ya faɗa da bakinsa. Ba waya, ba saƙo, ba kawu, ba yaya. Babanki ya zo ya faɗa."

"In mahaifiyata ta zo fa?"

"In ta zo, na ji. Amma ranar Juma'a nake rufe maganar sauyi, daga nan kowa ajinsa ajinsa ne har ya fita. Kuma ko ta zo, da sauran magana. Kujerun ɗakin gwaji daidai ɗalibai suke, taki an ba wa wata yarinya da ke jira. Malaminku kuwa ba ya koyar da ɗalibi a tsaye, kin san halinsa."

Na fito na raɓe a bayan ɗakin karatu, na zaro wayata daga ƙasan jaka inda nake ɓoye ta. Na rubuta wa Ɗan Albarka:

"Kai ka kai Baba makarantarmu?"

Ko minti ba a yi ba ya amsa, har da 'yar fuskar nan mai murmushi. "Likita ta ji labari. So na yi in ba ki mamaki. Na sauke miki kaya, yanzu za ki huta."

"Na ce maka na gaji?"

"Ba sai kin faɗa ba. Kullum idonki ja, kullum lissafi. Zan zo da yamma mu yi magana, ki kwantar da hankalinki."

Jama'a, ku gaya min, akwai abin da ya kai "ki kwantar da hankalinki" tayar da hankali?

Na tarar da Gwaggo a gida, ta baje a tsakar gida da mayafinta mai ruwan goro, ashe ita an riga an shafa mata labari. Baba yana gefe a kan teburinsa na gyaran agogo, gilashin nan ƙarami a manne a idonsa, ya sunkuya kamar duniya duka tana cikin agogon da ke hannunsa. Mama tana kan doguwar kujerarta a ƙofar kicin.

"Baba, me na yi maka?" Haka na fara, ko jaka ban sauke ba.

Bai ɗago ba. Gwaggo ce ta karɓe. "Ke, da ubanki kike magana ko da sa'anki? Me aka yi miki ban da gata? Yaron nan ya ga kina wahala ya nema miki sauƙi. Karatu dai ai karatu ne, ko wannan ajin ko wancan, duk ba allo da alli ba ne?"

"Ba ɗaya ba ne, Gwaggo. In ban yi fiziks ba, ba za su ɗauke ni karatun gashi ba."

"Sai me? Ki je kina murza ƙafafun mutane, wannan ne abin da za ki tayar wa mutane da hankali a kai? Wanda kika yi wa uwarki bai ishe ki lada ba? Shekara nawa Ɗan Albarka yana jigilar gidan nan? Wa ya taɓa yi mana rabin haka, har cikin dangi? Yau ya nemi abu ɗaya, ɗaya tak, ki tsaya kina zare mana ido. Ke dai wallahi ba ki da godiya."

Abin da ya fi ci min rai, rabin maganarta gaskiya ce. Na juya wurin Baba. Sai a lokacin ya cire gilashin daga idonsa, ya murza wurin da ya kwanta masa.

"Ya zo ya durƙusa a nan," in ji shi a hankali. "Ya ce don ke ne. Mutumin da ya ɗauki mahaifiyarki a hannunsa, da wane baki zan ce masa a'a? Na riga na je na faɗa. Ba zan koma in ce ƙarya na yi ba."

Na juya na kalli Mama. Tun da ciwon nan ya same ta magana tana yi mata nauyi, sai ta zaɓi wadda za ta faɗa. Idonta dai yana kan maɓallin nan na uku.

Da yamma ya zo. Ya sha farin yadi mai ƙaramin aiki a wuya, hula ta zauna, ga leda a hannunsa da 'ya'yan itatuwa na Mama kamar kullum. Na fito da tsohuwar doguwar rigata ta zaman gida, ko hoda ban shafa ba, da gangan. Muka tsaya a jikin motarsa.

"Likita, fushi ake da ni?"

"Me ya sa ka yi min haka?"

Ya sauke murya. "Ki saurare ni. Na ce zan jira ki gama sakandare, shekara uku, ban yi gardama ba. Sai na je na tambaya. Karatun nan da kike so, shekara biyar ne a jami'a bayan ukun, ga zaman asibiti ba dare ba rana. Takwas ke nan. Ni ma fa mutum ne. Ajin adabi kuwa da wuri kuke tashi, ba gwajin yamma, ki gama lafiya, ki yi karatun koyarwa kina ɗakinki. Ni ban hana ki karatu ba, Allah ya sani."

"Ka je ka tambayi mutanen jami'a. Ka tambayi Baba. Ka tambayi mataimakin shugaba. Ni ka tambaye ni?"

Ya ce, "Da na tambaye ki, cewa za ki yi a'a."

"To ai don haka ake tambaya."

Ya kawar da kai yana kallon tayar motarsa. Na ga ransa ya sosu, nawa ma ya sosu, don ban taɓa yi masa magana da wannan muryar ba. Amma na riga na hau, ba zan sauka ba.

"Ranar Juma'a da safe ka zo ka kai Mama makaranta, ta warware abin da kuka ƙulla."

"Ki yi haƙuri, Likita. Ko'ina ne a duniyar nan zan kai Mama. Ban da can."

"To ka daina kirana Likita. Ashe duk tsawon lokacin nan tsokanata kake yi."

Na shige gida na bar shi da ledarsa a hannu. Ta tagar ɗakina na ga ya daɗe a tsaye kafin ya rataye ledar a ƙofa ya tafi. Kada ku ɗauka daɗi na ji. Filona ya san abin da ya sha.

Talata, Laraba, Alhamis, na zauna a ajin adabi a kujerar baya. Ba wai na raina ajin ba ne, akwai yara masu kai a ciki, malamar tarihi ma har ta fara so na. Amma ba wurina ba ne. Duk lokacin da aka kaɗa ƙararrawar gwaji na hango fararen riguna suna wucewa ta taga, sai in ji kamar an zare min wani abu a ƙirji. Saƙonninsa kuwa suna ta shigowa. "Kin ci abinci?" "Mama ta sha magani?" "Don Allah ki ɗaga waya." Ina karantawa, ina kifa wayar.

Ranar Alhamis da la'asar ina murza wa Mama yatsu da mai, sai ta riƙe hannuna. Riƙo na gaske, da hannun dama.

"Gobe," ta ce. "Za mu je."

"Mama, ya ce ba zai kai mu ba. Bari in nemo mana tasi."

Ta girgiza kai. Ta ɗauki lokaci tana haɗa kalmomin, ni kuma na koyi jira. "In na je a mota, cewa za su yi ɗauko ni kika yi. Da ƙafata zan je. Layin nan duka su gani."

"Ko na ce ki je, sun ce babu kujera a ɗakin gwajin."

Ta dubi kujerar da take kai, ta buga ƙarfen da tafin hannu. "Wannan fa? Teburinsu ba dogo ba ne?"

"Mama, a kan me za ki yi wanka?"

"A tsaye. Na gaji da zama."

Makarantarmu ba nisa gare ta ba, ƙarshen layinmu ne ka tsallaka babban titi ka bi ta bayan gidan mai. Ni kafin shayi ya huce na isa. Amma Mama tun da ta kwanta ba ta taɓa wuce ƙofar gida da ƙafarta ba. Kowa ya san haka. Shi ma da ya ce ban da can, ya san haka, shi ya sa ya ɗauka magana ta ƙare.

Da sassafe ranar Juma'a ta sa na ciro mata leshinta mai ruwan toka wanda rabonta da shi tun tana lafiya, ta ɗaura ɗankwali da kanta, ya karkace, ta ce a bar shi. Muka nemi sandarta muka rasa. Sai ga Baba ya fito da ita daga ɗakinsa, ya sa mata sabuwar roba a gindi, ya ɗaure da waya tamau yadda ba za ta zame ba. Ya miƙa wa Mama ba tare da ya kalli kowa ba.

"Ni dai na ba wa mutum bakina," in ji shi. "Amma ban ɗaure ƙafar kowa ba."

Gwaggo ta biyo mu har ƙofa tana tafa hannu. "Kashe ta za ki yi! Wallahi in matar nan ta faɗi a titi, ke da Allah!" Na naɗe tsumma na ɗora a kai, na aza kujerar ƙarfen nan a bisa, farar rigata a jikina, hannuna ɗaya a ƙarƙashin kafaɗar Mama yadda likita ta koya min. Muka fita.

Ba zan yi muku ƙarya ba, na ji tsoro. Sanda gaba, ƙafar dama a ja, ta hagu ta biyo. Mai shagon kusa da mu ya bar awo ya fito yana kallo. Matan layi suka leƙo ta ƙofofi, masu salati suna yi, masu "sannu Mama" suna yi. In ta gaji sai in sauke kujerar a gefen hanya ta zauna ta huce, in ta ce "tashi" in mayar kai. Gumi ya jiƙa leshin nan sharkaf. A bakin kwalbati ƙafar ta turje ta ƙi ɗaguwa, na durƙusa a cikin ƙasa da farar rigata na kama gwiwar na lanƙwasa ta, ina ce mata abin da nake ce mata kullum a tsakar gida: "Ɗaga, Mama, kada ki ja, ɗaga." Ta ɗaga.

A bakin babban titi ya same mu. Ba shakka Gwaggo ce ta buga masa waya. Ya taka birki, ya fito da gudu ko ƙofa bai rufe ba, fuskarsa duk ta birkice.

"Mama! Subhanallahi, me ya kawo haka? Ku shigo, don Allah ku shigo, zan kai ku. Na janye, zan kai ku."

Idonsa ya sauka a kan kujerar da ke kaina, shuɗin fentin da ya shafa da hannunsa.  Ni kuma na ƙi kallonsa, don na san in na kalle shi zan karaya.

Mama ta numfasa, ta dube shi da kulawa, don ita ma tana son sa. "Allah ya yi maka albarka," ta ce. "Tsayar mana da motoci."

Haka ya shiga tsakiyar titi da farin yadinsa, ya ɗaga hannu biyu, manyan motoci da ƙanana suka tsaya suna ta hon, har Mama ta gama jan ƙafarta ta tsallake. Bai sake cewa mu shiga ba. Ya koma motarsa ya biyo mu a baya a hankali, kamar mai rakiya.

Mataimakin shugaba yana ganinmu ya miƙe ya jawo wa Mama kujera. Ta ƙi zama. An ce a tsaya a gabansa, to a tsaye za ta faɗa.

"Ni ce uwarta," ta ce, kalma ɗaya bayan ɗaya. "A mayar min da 'yata inda ta ci."

Ya dube ta, ya dubi sandar, ya dubi abin da na sauke a ƙofar ofishinsa. Murmushin nan nasa mai ƙona rai ya ɓace. Ya aika aka kira malamin fiziks. Shi kuma ya zagaya kujerar, ya girgiza ta, ya hau ya zauna ya sauka.

"Ta fi namu ƙwari," in ji shi. "Ɗauko ki biyo ni, kin riga kin rasa gwaji ɗaya, kuma ba zan maimaita don ke ba."

Na raka Mama har bencin maigadi a bakin ƙofar makaranta, inda inuwa take. Ƙafarta sai rawa take, na san ba za ta iya komawa gida a ƙasa ba ko da wasa. Na ce bari in tsaya. Ta nuna min ɗakin gwaji da sandarta, irin nunin da ba a musu da shi.

Wurin da aka ba ni a ƙarshen teburi ne, jikin taga. Kujerar ta yi daidai da tsayin teburin kamar don shi aka auna. Na hau na zauna, ni kaɗai ce mai shuɗiya a cikin baƙaƙe, gwiwar rigata duk jar ƙasa, yara suna ta leƙena suna ƙus-ƙus. Ko a jikina. Malam ya fara raba mana igiya da 'yan ƙarafan awo.

Ta tagar ina hango bakin ƙofa. Farar motar tana tsaye dab da bencin, ƙofar baya a buɗe, shi kuma ya durƙusa a gaban Mama. Ita ta ɗora sandarta a kan cinya, ba ta da alamar tashi. Can na ga ya miƙe ya ciro waya. Tawa ta yi motsi a ƙasan jaka. Na faki idon Malam na duba.

Babu Likita, babu 'yar fuska mai murmushi.

"Mama ta ce ba za ta shiga motata ba sai na amsa mata. Wai zan iya jiran takwas ɗin, ko ba zan iya ba. Ta ce in faɗi gaskiya, ko wacce ce za ta shiga. Me zan ce mata?"

Sai yau ya tuna ana tambayata. Allah ya sani amsa ɗaya nake so in ji. Amma na rubuta masa:

"Wannan kam ba ni za ka tambaya ba."

Na kashe wayar gaba ɗaya, na tura ta ƙasan jaka. Na gyara maɓallina na uku, na jawo igiyar gabana. Da na sake ɗaga kai, yana nan tsaye da waya a hannu, Mama tana kallonsa, ƙofar motar har yanzu a buɗe.